Daga Wa Ka Ji? Tarihin Isnadi da Amanar Jingina Magana ga Mai Ita

A zamanin Sahabban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan mutum ya zauna cikin jama'a a masallacin Madina ya ce ya ji Annabi ya faɗi kaza, ba a cika tsare shi da tambaya ba, domin waɗanda ke zaune tare da shi sun san shi, sun san ubansa, sun san lokacin da ya musulunta da yaƙoƙin da ya halarta, kuma da yawa daga cikinsu sun ji abin da ya ji da kunnuwansu. Duk da haka ba a rasa taka-tsantsan ba tun a wancan lokaci, gama Sayyidina Umar ya taɓa tsare Abu Musal Ash'ari a kan hadisin neman izinin shiga gida sau uku, bai sake shi ba sai da Abu Sa'idul Khudri ya zo ya shaida cewa shi ma ya ji. Amma da aka kashe Halifa Usmanu ɗan Affan a shekara ta 35 bayan Hijira, jama'a ta rarrabu, kowace ƙungiya tana neman hujjar da za ta kafa a kan 'yar'uwarta, sai aka wayi gari maganganu suna yawo a Kufa da Basra da Sham ana jingina su ga Annabi, alhali kuwa babu wanda ya san ƙofar da suka shigo ta cikinta. Muhammadu ɗan Sirina, malamin Basra wanda ya rasu a shekara ta 110, shi ya bar mana labarin wannan sauyi, Imamu Muslim kuma ya kawo shi a gabatarwar Sahihinsa, cewa da can ba a neman mai ba da labari ya bayyana waɗanda ya karɓo daga gare su, sai da fitina ta auku aka wajabta wa kowa ya ambaci mutanensa, don a san wanda za a karɓa da wanda za a bari.

Wannan ambaton mutane shi ne isnadi, watau mai magana ya ce wane ya gaya mini, shi kuma wane ya gaya masa, har a tuƙe ga wanda ya ji da kunnensa ko ya gani da idonsa. Wanda ya san kara ba zai sha wuyar gane hikimar abin ba, domin mai hankali ba ya sayen saniya daga hannun baƙon da babu dillalin da ya tsaya masa, komai kyanta kuwa, don gudun kada gobe mai ita ya biyo sawu. Sa'ad da Halifa Umar ɗan Abdul'azizu, wanda ya yi mulki daga shekara ta 99 zuwa 101, ya ji tsoron kada ilmi ya tafi da tafiyar malamai, ya rubuta wa Abubakar ɗan Hazmu a Madina ya tattara hadisai a rubuce, sai isnadi ya bi matani, watau lafazin hadisin, ya shiga takarda, Ibnu Shihabiz Zuhri kuwa, wanda ya rasu a 124, yana daga cikin waɗanda suka tsananta a kan kada a raba su. Daga gare shi da tsararrakinsa Imamu Malik ya ɗauka, kuma ruwayar Malik daga Nafi'u daga Abdullahi ɗan Umar ita ce wadda malamai suka yi wa laƙabi da sarƙar zinariya, saboda mutum uku ne kaɗai, kowannensu ya daɗe da zama da wanda ya karɓa daga gare shi, kuma babu wanda aka taɓa tuhuma da ƙarya ko sakaci a cikinsu.

Akwai wani abu a cikin Muwaɗɗa da nake so kowane ɗalibi ya tsaya a kansa, domin a ganina ya fi dogon wa'azi bayyana matsayin wannan amana a wurin magabata. Muwaɗɗar da ake karantawa a zaurukanmu ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, mutumin Andalus wanda ya rasu a 234. Ya fara karanta littafin a Ƙurɗuba a wurin Ziyadu ɗan Abdurrahman, wanda ake kira Shabɗuna, sa'an nan ya yi tattaki tun daga yammacin duniya har Madina ya saurare shi daga bakin Malik kansa a ƙarshen rayuwarsa. To, da ya zo ruwaito littafin, sai ya sami kansa cikin kokwanto game da waɗansu 'yan babobi na i'itikafi, ko ya ji su daga Malik ko bai ji ba. Babu wanda zai tona shi in da ya yi shiru, gama Malik ya riga ya rasu, Madina kuma tana da nisan watanni daga Ƙurɗuba, lafazin babobin kuwa ɗaya ne ko ta wace hanya suka zo. Amma bai yarda ya ce ya ji abin da bai tabbata ya ji ba, sai ya ruwaito waɗannan babobi daga Ziyadu daga Malik, ya ƙara mutum ɗaya tsakaninsa da Imami, ya sauko da darajar isnadinsa da hannunsa. Har yau wanda ya buɗe Muwaɗɗa a wannan wuri zai tarar da sunan Ziyadu yana nan, shekara fiye da dubu ɗaya da ɗari biyu ke nan ana kwafarsa daga hannu zuwa hannu.

Da tafiya ta yi tafiya sai malamai suka gane cewa ambaton suna kaɗai bai wadatar ba, domin mutum yana iya ambatar malamin da ya sadu da shi da gaske, ya jingina masa abin da bai ji daga gare shi ba, ta hanyar amfani da lafazi mai harshen damo. Maimakon ya ce haddasana, wanda ke nuna ji kai tsaye, sai ya ce daga wane, ya tsallake wani mai rauni da ke tsakaninsu. Wannan shi suka kira tadlisi, kuma Shu'uba ɗan Hajjaju, wanda ya rasu a 160, ya ƙi shi ƙwarai da gaske, har an ruwaito cewa idan yana zaune gaban malaminsa Ƙatada, bakinsa yake kallo, in ya furta lafazin ji ya rubuta, in ya kauce masa ya ɗage alƙalami. Daga irin wannan bin diddigi aka haifi ilmin sanin mazaje da na jarhi da ta'adili, inda su Yahaya ɗan Ma'inu da Aliyu ɗan Madini da Ahmadu ɗan Hambali suka riƙa auna kowane mai ruwaya da gaskiyarsa da kiyayewarsa, Buhari ya wallafa Tarihul Kabir, Ibnu Abi Hatim kuma ya bi bayansa da littafinsa mai ɗauke da dubban sunaye.

Babban makamin da suka riƙa a wannan aiki shi ne shekarun haihuwa da na rasuwa. An ruwaito cewa Isma'ila ɗan Ayyashu ya tambayi wani mutum shekarar da ya rubuta hadisi daga Halidu ɗan Ma'adanu, mutumin ya ce 113, sai ya nuna masa cewa Halidu ya rasu shekara bakwai kafin nan. Wanda ya fi wannan shahara shi ne abin da ya faru a Bagadaza a zamanin Haɗibul Bagadadi, wanda ya rasu a 463, lokacin da aka kawo wa wazirin Halifa wata tsohuwar takarda ana cewa Annabi ne ya sa aka rubuta ta don ɗauke wa mutanen Haibara jiziya, ga sunayen manyan Sahabbai a ƙasa a matsayin shaidu. Da aka miƙa wa Haɗibu ya duba, bai tsaya kan tsufan fatar ko kamannin rubutun ba, sunayen shaidun ya bi ɗaya bayan ɗaya, ya ce ga Mu'awiya a ciki, alhali bai musulunta ba sai shekarar buɗe Makka, watau ta 8, Haibara kuwa a ta 7 aka ci ta. Ga kuma Sa'adu ɗan Mu'azu, wanda ya rasu bayan yaƙin Handaƙu tun shekara ta 5. Da waɗannan sunaye biyu takardar ta faɗi. Abin lura a nan shi ne, sunayen da maƙirƙirin ya jera don su ƙarfafa ƙaryarsa su ne suka ba da ƙofar kama shi, domin duk wanda ya ambaci madogararsa ya ba mai karatu abin da zai bincike shi da shi.

Sa'ad da ilmi ya koma cikin littattafai, sai tambaya ta tashi game da hanyar da ɗalibi ya sami littafin kansa. Alƙali Iyal, mai Asshifa, wanda ya rasu a 544, da Ibnus Salahi, wanda ya koyar a Darul Hadis ta Dimashƙa ya rasu a 643, sun tsara hanyoyin karɓar ilmi guda takwas bisa darajarsu. Mafi ɗaukaka ita ce ji daga bakin malami, sa'an nan karanta masa yana saurare yana gyara, kamar yadda ake yi a zaurukanmu har gobe, sa'an nan ijaza da miƙa littafi hannu da hannu, har a gangaro zuwa ta ƙarshe wadda suka kira wijada, watau mutum ya tsinci magana a rubuce cikin littafin wanda bai sadu da shi ba, bai kuma yi masa izini ba. A nan ba su yarda ya ce wane ya gaya mini ba, sai dai ya ce na samu da rubutun wane, in kuwa bai tabbata rubutun nasa ba ne, ya bayyana shakkarsa. A ƙarshen tsofaffin littattafan Dimashƙa da Misira ana samun takardun shaidar sauraro, inda marubucin majalisi ya lissafa waɗanda suka halarta da rana da wuri, har ya nuna wanda ya makara ya rasa wani sashe, don kada wata rana ya yi da'awar ya ji littafin duka.

Ba zan ɓoye ba cewa isnadi yana da iyakarsa, kuma magabata sun san da haka. Ɗabari, wanda ya rasu a 310, ya sanar da mai karanta Tarihinsa tun daga farko cewa in ya ci karo da abin da hankali ya ƙi, to, alhakin yana kan waɗanda suka ruwaito masa, shi dai ya isar kamar yadda ya karɓa ya kuma ambaci sunayensu. Ibnu Halduna, wanda ya rasu a 808, bai gamsu da tsayawa a nan ba, ya soki masu tarihi da ke kwaso labari ba tare da auna shi da ɗabi'ar al'umma ba, ya buga misali da adadin mayaƙa dubu ɗari shida da Mas'udi da waɗansu suka ba Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa, ya nuna cewa ko daular Farisa da girmanta ba ta tara kusa da haka a Ƙadisiyya ba. A ƙarnonin baya kuma aka sami waɗanda suka mai da neman gajeren isnadi abin alfahari, ana karɓar ijaza a littattafan da ba a buɗe ba. Wannan duka gaskiya ne, amma ban ga ya rage wa asalin al'adar komai ba, domin Ibnu Halduna bai sami damar sukar Mas'udi ba sai don an san cewa Mas'udi ne ya faɗa.

Satar wahalar wani ma ba yau aka fara kuka da ita ba. Jalaluddinis Suyuɗi, wanda ya rasu a Misira a 911, daidai da 1505, yana ganin jingina magana ga mai ita yana daga albarkar ilmi, ya kuma wallafa wata risala musamman don rarrabe mawallafi da ɓarawo, bayan wani ya kwashe masa aikin shekaru bai ambace shi ba. Shi ma bai tsira ba, gama Sahawi, abokin hamayyarsa, ya zarge shi da ɗaukar tsofaffin littattafai daga taskar littattafai ta Mahmudiyya yana ɗan sauya su yana sa sunansa. Ko wane ne mai gaskiya a tsakaninsu, rigimar ta nuna cewa a wurin malaman wancan ƙarni babu zargin da ya fi wannan zafi.

Wannan Suyuɗi kuwa ba baƙo ba ne a ƙasarmu, domin ya rubuto wasiƙar nasiha ga sarakunan Tukururu, ya ambaci Sarkin Agadas da Sarkin Katsina Ibrahim, a zamanin da Shaihu Magili ya sauka Kano wurin Sarki Muhammadu Rumfa. Ahmad Baba na Tambutu, wanda ya rasu a 1627, ya sa malaman da suka zauna Kano da Katsina cikin littafinsa na tarihin malaman Malikiyya, yana faɗin waɗanda suka karanta a wurinsu, ta haka muka san Mahlufu Albilbali da Alƙalin Katsina Aida Ahmad. Amma inda al'adar ta fi bayyana a sarari shi ne a hannun malaman jihadi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya keɓe littafi don isnadansa, ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu kuma ya rubuta Ida'un Nusuhi a 1812, inda ya bi malamansa ɗaya ɗaya yana faɗin abin da ya karanta a wurin kowa, tun daga Alƙur'ani a wurin mahaifinsu, zuwa Ishiriniya da Ajurumiyya da Ahalari da Ishmawi da Risala a wurin Shehu, zuwa Sahihul Buhari a wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji, zuwa ijazar da Malam Jibrila ɗan Umar ya yi musu. Shi Malam Jibrila ya sadu da Murtala Azzabidi, mai Tajul Arusi, a Alƙahira, ya karɓi ijaza daga gare shi, saboda haka ɗalibin da ke zaune a Degel yana iya ƙirga mutanen da ke tsakaninsa da Buhari da sunayensu.

Wanda ya karanta Ihya'us Sunna ko Bayanu Wujubil Hijira, wanda Shehu ya gama a 1806, zai ga yadda ake aiki da wannan tarbiyya a cikin wallafa. Shehu yakan kafa mas'ala, ya ce wane ya faɗa a littafi kaza, ya kawo maganar Ibnul Hajji mai Madhal ko ta Ahmad Zarruƙu ko ta Halilu da masu sharhinsa, in ta ƙare ya rufe ta da kalmar intaha, in kuma zai sa bakinsa ya buɗe da ƙultu, ta yadda mai karatu ba zai taɓa ruɗewa tsakanin muryar mawallafi da ta wanda ya ɗauko daga gare shi ba. A Sirajul Ihwani ya dogara ƙwarai ga amsoshin da Magili ya ba Askiya Muhammadu na Sanwai, bai kuma ɓoye hakan ba. Ba su ambaci lambar shafi ba, kuma da dalili, domin littafin wancan zamani warƙoƙi ne a sake cikin tadarishi da gafaka, kowane mai kwafa da girman rubutunsa, shafin goma na wannan kwafi yana iya zama na sha biyar a wancan, don haka sai su ambaci babi da fasali. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai adalcin naƙali wani matsayi a Infaƙul Maisuri, inda ya sa wasiƙar Shehu Laminu Alkanemi na Barno, wadda ke sukar jihadin kansa, da lafazinta, kafin ya mai da martani, har ya zama hujjar abokin hamayyarsa ta iso gare mu ta hannunsa.

Inda aka bar wannan hanya kuwa, mu ne muke biyan bashin har yau. Tarihin sarakunan Kano, wanda ya taso daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello ɗan Dabo, wanda Palmer ya fassara da Turanci a 1908, taska ce da ba ta da na biyu, amma mawallafinsa bai sa sunansa ba, bai kuma faɗi tsofaffin da ya ji daga bakinsu ko takardun da ya duba ba, saboda haka masana sun shafe shekaru suna jayayya a kan wanda ya rubuta shi da lokacin da aka rubuta, da kuma wane sashe ne tsoho wane ne sabo. Mafi muni shi ne abin da ya sami Tarihul Fattashi na Tambutu, wanda aka buga a Faransa a 1913 da sunan Mahmudu Ka'ati, sai daga baya bincike, tun daga na Nehemia Levtzion a 1971 har zuwa na Mauro Nobili, ya tabbatar da cewa an sake gina shi a ƙarni na 19 a kan wani tarihi na ƙarni na 17, aka cusa masa bushara da zuwan Shehu Ahmadu Lobbo na Masina, aka sa ta a bakin malaman da suka rasu ɗaruruwan shekaru kafin haihuwarsa.

Abin da injin ɗab'i ya kawo, tun daga Turai har zuwa maɗaba'ar Bulaƙ da aka kafa a Misira wajen 1820, shi ne dubban kwafi masu shafi iri ɗaya, ta yadda lambar shafi da shekarar bugu da sunan maɗaba'a suka zama abin da kowa zai iya bi ya duba da idonsa. A kan wannan masu tarihi irin su Leopold von Ranke na Jamus suka gina al'adar bayanin ƙasan shafi, jami'o'i suka gaje ta, ta iso mana a sifar madogara da manazarta da ake nema a kowane kundin digiri. Wannan ƙari ne mai amfani, kuma ya kamata mu karɓe shi da hannu biyu. Amma ɗalibin da ke ɗaukarsa wata wahala ce da Turawa suka ɗora masa bai san tarihin gidansu ba. Kusan duk abin da muke karantawa a yau, a littafi ne ko a mujalla ko a intanet, wijada ce, watau mafi raunin hanyoyin nan takwas, ba mu ga marubucin ba, bai kuma yi mana izini ba, saboda haka wajibin bayyana inda muka samu ya fi nauyi a kanmu fiye da yadda yake a kan wanda ya durƙusa gaban malami. Wanda ya ga an ambaci wani littafi a cikin wani, ya kwashe sunan na farkon da lambar shafinsa ya zuba a manazartarsa alhali bai taɓa riƙe shi ba, tadlisi ya yi, irin wanda Shu'uba ya ƙi, kuma gyaransa bai wuce ya ce wane ya kawo shi daga wane ba. Haka nan mai wa'azin da ya ce malamai sun ce, da marubucin jaridar da ya ce bincike ya nuna, ba su ba mai sauraro abin da zai riƙe ba.

Kirana ga malaman da ke duba kundayen ɗalibai, da na zaure masu ba da karatu, da editocin da rubutu ke bi ta hannunsu, shi ne kada su sa hannu a kan maganar da ba a faɗi mai ita ba, kuma su riƙa ɗaukar madogara ɗaya ko biyu daga kowane aiki su je su buɗe littafin su gani ko abin da aka jingina masa yana wurin da aka ce yana nan.